Lu'ulu'un kiwo: kowace kala da kawar da ta haife ta

Duk sarƙar lu'ulu'un da za ki gani yau, ko a shagon ƴan gwal na Sabon Gari ne, ko wadda ƴar Dubai ta zo da ita cikin akwati, ko ta masu talla a Instagram ɗin nan da suke rantsuwa orijina ce, ɗayan biyu ce: ko ta kiwo ce ko kuma ta roba da gilashi. Ina maganar wanda ke fitowa daga cikin kawa, halittar ruwan nan mai ɓawo biyu, ba daiman ba. Shi wanda ake nitso a tsinto a ƙasan teku, wanda hannun mutum bai taɓa kawarsa ba, tuni ya zama kayan sarakuna da na manyan gidajen gwanjo na Turai, ba irin wanda za a kawo miki gida a leda ba ne. To kuma na kiwon ba jabu ba ne fa, nan ne mutane suke ruɗewa. Kazar gidan gona dai kaza ce, ba a ce mata roba don an kiwata ta. Kawa ce ta yi shi da jikinta, mutum kawai tsokano ta ya yi.

Yadda ake tsokanar kuwa shi ne tushen maganar kala gaba ɗaya, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Ana ɗauko kawa mai rai a buɗe bakinta kaɗan a tokare da ɗan ƙarfe ko katako, mai dashen yana zaune da kayan aiki sirara irin na likitan haƙori, ya tsaga wani wuri a cikin jikinta ya tura ɗan ƙwallon da aka fafe daga ɓawon wata kawar, sannan ya bi shi da ɗan yankin tsoka da bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, wanda aka yanko daga leɓen wata kawa ta daban da aka yanka saboda haka. Wannan ɗan yankin tsokar shi ne zai girma ya zama jaka ya lulluɓe ƙwallon, ya riƙa zuba masa shafe mai sheƙi hawa kan hawa, kowane hawa bai kai kaurin gashi ba ko kusa, sai an yi dubbai kafin ya zama abin da ido zai gani. Haske in ya shiga cikin waɗannan hawa-hawan ya dawo, shi ne sheƙin da kike gani kamar daga ciki yake fitowa. Kuma kalar, mafi yawanta daga kawar da aka yanko tsokarta take zuwa. In leɓenta ruwan gwal ne, lu'ulu'un zai karkata ruwan gwal, in baƙi ne zai fito da duhu. Labarin da aka saba ba mu wai tsakuwa ce ko ƙwayar yashi ke faɗawa cikin kawa, ba haka abin yake ba, ko a na teku yawanci rauni ne ko wata ƙwaro da ta huda ta.

Kin ga kenan kowace kawa tana da kalolin da take iya yi da girman da take iya kaiwa, ba ta wucewa. Wanda ya riƙe wannan kawai, rabin ƙaryar kasuwa ba za ta kama shi ba.

Japanawa ne suka fara mayar da abin sana'ar zamani. Kokichi Mikimoto, ɗan mai sayar da taliya a garin Toba, shi ya samu na farko a 1893, amma rabi ne manne da ɓawo ba kewayayye ba. Dabarar yin kewayayyen wasu mutum biyu ne, Mise da Nishikawa, suka kai ta rajista a 1907, Mikimoto kuma shi ya iya kasuwa ya cika duniya da shi. Wanda ya ji a jikinsa su ne Larabawan gaɓar teku. Dubai ɗin nan da matan Kano suke zuwa sari, da Bahrain da Kuwait da Qatar, kafin fetur da nitson lu'ulu'u suke ci, maza su yi watanni cikin jirgin ruwa lokacin zafi suna shiga ƙasan teku da numfashinsu kawai. Daga shekarun 1920 zuwa 1930 na Japan ya shigo da araha, ga karayar tattalin arzikin duniya, sana'ar ta durƙushe, Allah ya taimake su aka samu fetur a Bahrain a 1932. Har yau Bahrain ba ta yarda a yi cinikin na kiwo a ƙasarta. In kina son ki ji irin faɗuwar da farashi ya yi, a 1917 kamfanin kayan ado na Cartier ya sayi katafaren gida a birnin New York, ya biya da sarƙar lu'ulu'un nitso mai layi biyu da aka yi wa kuɗi dala miliyan 1, da cikon dala 100. A 1957 da aka sayar da sarƙar, dala dubu 150 da ɗoriya kawai ta yi. Gidan kuwa yana nan har gobe Cartier na ciki.

To na Japan ɗin sunansa Akoya, kuma shi ne wanda kowa ke hangowa in an ce lu'ulu'u, farare tas masu girma ɗaya a jere a wuyan matan shugabanni. Kawarsa ƙarama ce, shi ya sa ƙwayar ba ta girma, yawanci milimita 6 zuwa 8, in ya kai 9 kuɗi ya fara tashi sosai, sama da 10 kuwa da wuya ki gani. Kalarsa fari ne ko ruwan madara, sai kuma wata kala ta biyu da take yawo a samansa in kin juya shi, ko ruwan hoda ko ruwan azurfa. Wannan kala ta biyun ki riƙe ta, don a kowane iri ita ake biya wa kuɗi fiye da kalar jikin. Ruwan yankunan Mie da Ehime da Nagasaki yana da sanyi, kawar tana zuba shafen a hankali a matse, kuma da hunturu ake girbi, shi ya sa Akoya mai kyau za ki iya ganin fuskarki a jikinsa. Amma akwai abin da mai shago ba zai fara gaya miki ba. Kusan duk farin Akoya an wanke shi da sinadari ya ƙara fari, da yawa kuma an ɗan sa masa ruwan hoda, wannan a wajensu ba ha'inci ba ne, al'adar sana'ar ce. Na biyu shafensa siriri ne, mai kyau ma wajen rabin milimita yake, mai araha kuwa wanda aka yi gaggawar cirewa daga ruwa, ƴan shekaru kaɗan za ki ga ya fara ɓarewa ta bakin huda ƙwallon ciki ya leƙo. Akwai Akoya mai ruwan toka da shuɗi-shuɗi wanda haka ya fito, da can ƙyamarsa ake yi yanzu kuma ya zama na yayi. Baƙin Akoya dai babu shi, duk wanda kika gani rini ne. Kuma tun 2019 da ƴaƴan kawa suka yi ta mutuwa a gonakin Japan kayan ya yi ƙaranci, farashi ya hau.

Baƙin na gaskiya daga tsibiran Faransa na tsakiyar tekun Pasifik yake zuwa, ana ce masa na Tahiti duk da ba a tsibirin Tahiti ake kiwonsa ba, can ne dai kasuwar take, gonakin suna tsibiran Tuamotu da Gambier. A shekarun 1960 aka fara gwada dashen a can. Kawarsu mai baƙin leɓe ce kuma babba, don haka ƙwayar daga milimita 8 take farawa har 14, wasu su wuce. Ni a ganina shi ne ya fi kowanne ban sha'awa, saboda sunan kawai aka ce baƙi amma da wuya ki samu baƙi wuluk. Ruwan toka ne, daga mai haske har mai duhun gawayi, sai kalar sama ta zo ta hau: kore, shuɗi, ruwan makuba, ruwan tagulla. Wanda ya fi tsada shi ne wanda suke kira ɗawisu, jikinsa kore mai duhu, ki juya shi kaɗan ruwan hoda ko shunayya ta bayyana a gefe ta ɓace. In aka jera miki sarƙar Tahiti ta gaskiya, ko an yi shekara ana tsintar masu kama da juna, sai kin ga wannan ya fi wancan kore, wancan ya fi toka. In kika ga duk ƙwayoyin baƙi ɗaya sak babu bambanci, kuma ƙanana ne ƴan milimita 6 ko 7, Hajiya ki ajiye, an rina ne. Wanda ake ce wa cakuleti shi ma yawanci Tahiti ne da aka sarrafa da sinadari ya koma ruwan ƙasa. Da can gwamnatin wurin ba ta barin a fitar da wanda shafensa bai kai milimita 0.8 ba, a 2017 aka janye dokar, don haka yanzu sunan kaɗai ba ya isa shaida.

Sai babban yaya, na tekun kudu, wanda ƴan kasuwa suke ce wa South Sea. Kawarsa ita ce mafi girma cikin masu yin lu'ulu'u, tana kai santimita 30, ana kiwonta a arewacin Ostareliya wajen garin Broome inda aka buɗe gonar farko a Kuri Bay a 1956, da Indonesiya da Filifin da Myanmar. Iri biyu ce, mai farin leɓe da mai leɓen gwal. Ta farko ita ke ba da fari da ruwan azurfa, Ostareliya ta fi shahara da shi, ta biyun ke ba da ruwan ɗorawa tun daga mai haske har wanda ya yi jawur kamar gwal ɗin 24, shi kuma Filifin da Indonesiya, har Filifin ta ayyana shi a matsayin dutsen ƙasarta a 1996. Girmansa milimita 9 zuwa 16 ne, wani ya kai 20, shafensa mai kauri ne milimita 2 ko fi saboda yana yin shekara biyu zuwa sama a ruwa. Sheƙinsa ba mai kaifi ba ne irin na Akoya, mai laushi ne a ido. Na san wannan mai ruwan gwal ɗin shi zai fi tafiya da zuciyar matan garin nan, don mu duk abin da ya yi kalar gwal mun gama yarda da shi, kuma gaskiya a baƙar fata yana zama fiye da farin. Sai dai shi ne kuma aka fi yin ƙarya da sunansa. Ana rina mai fari-fari ya koma gwal, ana rina na ruwan daɗi, wato na tafki, a ce shi ne, ana kuma fafe ɓawon kawa a yi masa fenti a sayar da shi da suna mai kama da nasa. Cikakkiyar sarƙarsa ta gaskiya kuɗinta dubban daloli ne, ba abin da za a saka miki a kayan lefe a matsayin cikon akwati ba ne.

Yanzu ga wanda a zahiri shi ne yake hannun mutane. Fiye da kashi 90 cikin 100 na lu'ulu'un kiwon duniya in an auna da nauyi daga Chaina yake fitowa, kuma ba daga teku ba, daga tafkuna da kududdufai na ruwan daɗi, babbar kasuwarsa tana Zhuji a lardin Zhejiang. Dalilin araharsa lissafi ne kawai. Kawar teku ƙwallo ɗaya ake sa mata, Akoya wani lokaci biyu, a jira, wasu su mutu wasu su tofar. Ita kuwa ta ruwan daɗi ana dasa mata ƴan tsoka goma sha wani abu a kowane gefe, ta ba da 24 zuwa 30 a tashi ɗaya, kuma ba a sa ƙwallo, tsokar kaɗai ake sakawa. Ma'ana ƙwayar tun daga waje har tsakiya shafe ce zalla babu abin da zai ɓare. Illarsa tunda babu ƙwallon da zai bi, da wuya ya fito kewayayye sosai, za ki ga mai siffar ƙwai, mai siffar maɓalli, mai dogon jiki. A shekarun 1970 da 1980 ƙanana ne masu tamoji har ana kiran su shinkafa, shi ya ɓata musu suna, amma da suka canza irin kawar abin ya gyaru nesa ba kusa ba. Kalolinsa na asali fari ne, ruwan hoda, ruwan goro mai haske, da shunayya mai haske, kuma wannan ruwan hodar da shunayyar ba rini ba ne, haka Allah ya yi kawar. Daga baya suka fara sa wa ta ruwan daɗin ƙwallo guda ɗaya irin yadda ake yi a teku, aka samu manya ƴan milimita 12 zuwa 15 da ake kira Edison, masu shunayya mai duhu da ruwan tagulla.

Duk abin da ya fita daga wannan layin a na ruwan daɗi, baƙi ne, ja ne, kore shar, shuɗin bula, ruwan hanta don ya dace da ashobi, rini ne ko kuma an haska masa wani haske a inji ya yi duhu. Ni ban ga laifin sayen rinannen ba in an faɗa miki kuma kuɗin rinanne kika biya, yana da kyau a kan leshi, ki sa abinki. Laifin shi ne a karɓi kuɗin Tahiti a ba ki rinannen na kududdufi.

Akwai wasu sunaye da za ki ji waɗanda ba irin kawa ba ne, siffa ce. Keshi shi ne wanda ya fito bayan kawa ta tofar da ƙwallon amma tsokar ta ci gaba da aiki, ƙarami ne mara tsari mai tsananin sheƙi. Mabe rabi ne da aka manna a jikin ɓawo aka yanko, bayansa a shafe, ana yin ɗan kunne da zobe da shi. Barok kuma duk wanda ya fito a karkace. Meksiko da New Zealand ma suna da nasu ƴan kaɗan masu kalar bakan gizo, ba sa zuwa nan.

To ya za ki duba in an miƙo miki? Fara fita daga ƙarƙashin fitilar shago, don waɗannan fararen ƙwayayen wutar ko tsakiyar roba sai sun sa ta ƙyalli. Ki je bakin ƙofa ko taga, ki ɗora sarƙar a kan farin ƙyalle. Ɗauki ƙwaya ɗaya ki goga ta a hankali a gefen haƙorinki na gaba, ta gaskiya za ki ji ɗan gurzi-gurzi, ta roba ko gilashi santsi za ki ji sumul. In kina ƙyanƙyami, goga ƙwaya biyu da juna, za ki ji gurzin kuma ɗan farin gari zai fito wanda in kin share babu tabo. Ta gaskiya tana da sanyi in ta fara taɓa fata kuma tana da ɗan nauyi. Daga nan sai ki ja zaren ki leƙa cikin hudar, nan ne asiri yake tonuwa: in an rina za ki ga kalar ta taru ta yi duhu a bakin ramin ko ta ɓata zaren, in fenti ne za ki ga ya tattare ko ya ɗaye a gefe. Wannan duk zai raba miki na kawa da na roba ne, ya kuma kama rini mai arha. Rinin ƙwararru sai ɗakin gwaji, don haka in kuɗin ya kai na fili, ki nemi takardar gwaji ta wata cibiya irin GIA ba takardar da shagon ya buga da kansa ba. Harafin AAA da ake rubutawa don nuna darajar kaya kuwa babu wata hukuma da ta tsayar da shi, kowane shago da nasa ma'aunin. Majorica da ake sayarwa a filayen jirgi da tsada, gilashi ne da aka yi wa shafe a Sifen, su ma ba su ɓoye ba.

In ni za a tambaya, mace a Kano da take son ta sa abinta ba ta ajiye a durowa ba, na ruwan daɗi mai kyau ya fi mata Akoya mai arha, kuma dalilina yanayinmu ne da ɗabi'armu. Lu'ulu'u abu ne mai laushi, taurinsa 2.5 zuwa 4.5 ne a ma'aunin da daiman yake da 10, kuma duk abu mai tsami yana cin sa. Mu kuwa ga zufar watan Afrilu, ga humra da ake shafawa a wuya daidai inda sarƙar za ta kwanta, ga turaren wuta da za a tsuguna a kai da kaya da komai, ga feshin turare a kan gyale, ga mayukan gyaran fata. Mai siririn shafe ba ya jure wannan, sheƙin zai dushe ya koma kamar alli kuma ba a gyara shi, ba gwal ba ne da za a kai wa maƙeri ya wanke. Sai kin gama shirinki tsaf turare ya bushe sannan ki ɗaura, in kin dawo ki fara cire shi ki goge da ƙyalle mai laushi mai ɗan danshi. Kada ki jefa shi cikin gwangwanin da awarwaro da ƴan kunnen gwal suke, za su kankare shi. Hunturu ma yana da nasa, don akwai ɗan ruwa a jikin ƙwayar, in ta daɗe a kulle a wuri mai zafi da bushewa tana iya tsagewa, sawa a jiki ya fi mata ajiya. Zaren kuma ki duba akwai ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da ƴar uwarta, in babu, ranar da ya tsinke a wajen biki sai dai ki bi ƙasan kujeru.

Abu ɗaya da ya kamata a faɗa ƙarara, musamman ga iyaye masu haɗa wa ƴaƴa kaya: lu'ulu'u ba ajiyar kuɗi ba ne. Mun saba gwal in ta ɓaci a ɗora shi a sikeli a faɗi giram a ƙirgo kuɗi, wani lokaci har da riba. Lu'ulu'u ba shi da farashin giram da kowa ya sani, ana duba girma ne da siffa da kala da sheƙi da tsabtar jiki da kaurin shafe da yadda ƙwayoyin suka dace da juna, kuma kowace shekara gonaki suna zubo sabo. In kika kai sarƙar gwal mai lu'ulu'u wajen ƴan gwal, cire ƙwayar za su yi su miƙo miki a hannu, su auna gwal ɗin kawai.